Kawu Bai Ƙona Motar Baffa Ba

Ranar Talata da hantsi Kawu ya cika, kafin azahar mun kai shi. Da aka ajiye makara a ƙofar gidansa, can bayan tashar Gaya, liman ya juyo ya ce da jama'a, kamar yadda aka saba, duk wanda mamacin ya ɓata wa a zaman duniya ya dubi Allah ya yafe masa. Mutane suka amsa ƙasa-ƙasa. Sai Baffa, yayan mahaifina, wanda ya taso tun daga Ajingi da sandarsa da babbar rigarsa, ya yi gyaran murya, ya ɗaga hannu yadda kowa zai gan shi.

"Ni dai na yafe masa motata," in ji shi. "Duniya da lahira."

Wani dattijo a bayana ya ce, "Allah sarki, ka ji manya." Wani kuma ya ce Allah ya saka wa Alhaji da alheri, ba kowa zai iya ba. Ina tsaye a sahu na biyu. Kabbarorin nan huɗu ban san yadda na yi su ba, Allah ya yafe mini.

Da aka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi, sai ga direbobin tasha suna zuwa jere-jere. Mutanen da suka shekara shida ba su kawo masa ko ƙwan fitila ya duba ba, su ne suka fi kowa iya cewa ya haƙuri. Kowa ya zauna sai ya yabi hannunsa, sannan ya sassauta murya ya ƙara da, "Sai dai ƙaddarar nan da ta faɗa masa." Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ce kaɗai ta yi kuka na gaskiya. Ta tsaya nesa da maza riƙe da wata tsohuwar tocila, tana cewa jiya-jiyan nan ta yi niyyar kawo masa ita. Can da la'asar wani baƙo ya iso daga Wudil, ya ce ya sha wuya kafin ya gane gidan. Ya faɗi sunan Kawu a tasha ba wanda ya sani, sai da wani ya ce, "Au, Ƙona-mota kake nufi?" Baƙon ya faɗi haka ne ba da mugun nufi ba, har wasu suka yi murmushi.

Abin da ya sa na zauna nake wannan rubutu ke nan. Ni ba marubuci ba ne, direba ne, aji huɗu na yi aka cire ni. Amma an binne mutum da sunan da ba nasa ba, kuma na san wanda ya liƙa masa shi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gajere ne, bahago, haƙorinsa ɗaya na gaba ya guntule saboda fere waya da baki. A Kano ya koyi gyaran wutar mota, abin da muke kira rewaya, a hannun wani mutumin Kudu, sannan ya dawo Gaya tun kafin yaƙin basasa ya kafa a gindin wata ceɗiya a bakin tasha. Kayan aikinsa ba su cika jakar fata ɗaya ba. A cikin hularsa yake ajiye ƙwan fitila mai waya biyu, da shi yake bin sawun wuta. Sai wata karyayyar wuƙa ta kankare tsatsa, da gwangwanin man kaɗanya da yake shafa wa duk inda ya ɗaure waya don kada ruwa ya shiga. In yana aiki bakinsa ba ya shiru, ƙasa-ƙasa yake magana da motar, yana cewa, "To, daga nan kika bi, sai ina kuma?" Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka tofi yake yi.

Ba zan ce waliyyi ne ba don ya mutu. Bakinsa kaifi gare shi, kuma bai san babba ba in an zo maganar aiki. Direba zai zo yana cika baki cewa batir ya mutu, Kawu ya dubi kan batir ɗin da ya yi fari fat da gishiri, ya ce, "Batir bai mutu ba, malam, kai ne ƙazami." Ya kankare, ya shafa mansa, mota ta tashi, direba ya tafi yana jin daɗi yana jin haushi. Ni da bakina na sha ce masa, "Kawu, ka riƙa sassautawa." Sai ya ce shi wuta aka koya masa, ba fadanci ba.

Da mahaifina ya rasu, Kawu ne ya zo Ajingi a kan kekensa ya kama hannuna ya damƙa wa wani direba amininsa, bai huta ba sai da na sami lasin. Tun daga ranar bai ƙara kirana da sunana ba, sai Direba. Ya so ya ɗauko Inna, mahaifiyata, ta dawo Gaya kusa da shi, Baffa ya ce matar ƙaninsa ba ta barin gidan, ɗakinta yana nan, gonarmu ma tana hannunsa yana kula mana da ita. Suka yi ka-ce-na-ce a zaure, Kawu ya hau kekensa ya tafi. Daga nan gaisuwarsu ta zama ta ɗaga hannu daga nesa.

Akwai abu ɗaya da ya maimaita mini har ya gundure ni. "Direba," yakan ce, "wuta daga batir take fita, kuma sai ta koma batir. Waya ɗaya kake gani ta kai ta wurin fitila, amma komawa ta jikin ƙarfen motar take yi. Wannan hanyar komawar ita ce as. In tsatsa ko fenti ya toshe ta, wuta ba za ta zauna ta jira ka ba. Wata hanyar za ta nema, kuma ba za ta yi shawara da kai ba." Na haddace wannan magana. Ina so a riƙe wannan, domin ba zan iya cewa ban sani ba.

Motar Baffa babbar mota ce ta fetur, irin ta Ingila, ya saye ta lokacin da gyaɗa take gyaɗa. Da kayan gyara suka yi wuya lokacin yaƙi sai aka ɗora ta a kan duwatsu a bayan gida, a gindin tsamiya, ta shekara biyar kaji suna ƙwai a kujerar direba. Shekarar da aka canza hannun tuƙi Baffa ya ce zai tayar da ita. Aka ja ta zuwa Kano, ta yi wata uku. Aka sauke inji aka gyara, aka sa masa sababbin robobi a ƙarƙashi inda yake zama, kafinta ya yi mata sabon bodin katako, mai fenti ya zuba mata kore da ja, ya zana dawisu a kowace ƙofa. Har ƙasanta, duk ƙarfen shasi, sai da ya lafta masa baƙin fenti mai kauri. Ranar da na shigo da ita Ajingi mata har guɗa suka yi. Na ce wa Baffa ya kamata Kawu ya duba mana wayoyinta, ya ce motar da manyan Kano suka gama da ita ba rewayan gindin bishiya zai kai wa ba.

Kwana biyu ta fara nuna hali. Ka taka birki fitilar gaba ta yi ƙifta. Ka danna ham ya yi kukan akuyar da mura ta kama. Fitilun baya, da kafinta ya ɗaure a jikin katako, ko kamawa ba sa yi. Ka murɗa makulli, kik ɗin da ke juya inji ya ce ƙas ya yi shiru, wani lokaci ya ja da ƙyar kamar mai ciwon baya. Aka canza batir, ba ta sake zane ba. Sai mutanen gida suka tuna inda ta kwana shekara biyar. Gindin tsamiya fa, aka ce, ai masu wurin sun tare a ciki, kuma ba su ji daɗin tashin da aka yi musu ba. Baffa ya kira malaminsa. Aka turara ta, aka yayyafa wa tayoyi rubutu, aka rataya laya a sitiyari, aka yanka zakara sadaka. Malamin ya ce a ba aikin kwana bakwai.

Inna ce ta aika wa yayanta a ɓoye. Ya iso ran kwana na shida, ranar kasuwar Ajingi, Baffa yana can cikin kasuwa. Ya jingine keke, ya ciro ƙwan fitilarsa daga hula, ya zaga motar yana taɓa nan yana taɓa can. Bai kai shan kwaryar fura ba ya tuntsire da dariya.

"Wa ya shafa mata baƙin fentin nan har cikin hammata?" ya ce. "Zo ka gani, Direba."

Ya nuna mini. Wayar as ta batir an ɗaure ta a kan fenti, ba ta taɓa ƙarfe. Fitilun baya suna kan katako, katako kuwa ba ya ɗaukar wuta. Babba a ciki shi ne injin. Da can tsofaffin robobin sun cinye, ƙarfe yana gogar ƙarfe, wuta tana samun hanya. Yanzu injin yana zaune a kan sabuwar roba, ya rabu da shasi, tsohuwar igiyar da ke haɗa su kuma an yar da ita a Kano don ta yi datti. "Sun yi wa amarya lalle sun manta ba su ba ta abinci ba," in ji shi.

Ya kwanta ƙarƙashinta da karyayyar wuƙarsa. Wuri huɗu ya kankare har ƙarfe ya yi ƙyalli, ɗaya a gefen ƙofa, dab da jelar dawisu. Ya ja siririyar waya daga fitilun baya zuwa shasi. Sannan ya ciro wata igiya ta jan ƙarfe daga jakarsa, kamu ɗaya tsawonta, shi ya kitsa ta da hannunsa daga tsofaffin wayoyi, kitso uku-uku irin na mata. Ya ɗaura kai ɗaya a inji, ɗaya a shasi, ya matse notina, ya lakuto man kaɗanya ya shafe su, bakinsa yana ta 'yan maganganunsa. Mata suna leƙe ta saman katanga. Babban ɗan Baffa yana tsaye ya harɗe hannu, yana kallo. Kawu ya ce in murɗa. Murɗawa ɗaya ta tashi. Fitilu suka kama gaba da baya, ham ya yi ƙara har awaki suka watse.

Kafin Baffa ya iso gida, ɗansa ya tare shi a hanya ya ba shi labari yadda ya ga dama: an yi surkulle, an shafa wani abu daga gwangwani, an ɗaura kitsattsen abu a cikin cikin mota. Baffa ya iso da mutanen kasuwa a bayansa. Idonsa ya fara sauka a kan jelar dawisu.

"Wa ya ba ka izinin taɓa mini mota?"

"Ita ta ba ni, Alhaji. Ga ta nan tana godiya, ba ka ji ba?"

"Me ka ɗaura mata a ciki?"

"Hanyar wuta. Layarka kuma ban taɓa ta ba, tana nan, ba ta hana komai ba ta sa komai. Aljanin da kuke nema fentinka ne."

Mutane suka yi dariya. Ba duka ba, amma an yi, har da wani mai awon gyaɗa da ke cin abinci a hannun Baffa. Na ga fuskar Baffa a lokacin, na san an gama. Ya ce Kawu ya fice masa daga ƙofar gida. Kawu ya ɗaure jakarsa a bayan keke, ya dube ni ya ce, "Kada ka bari kowa ya taɓa igiyar nan," ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Washegari bayan an karya Baffa ya kira ni bayan gida, daga ni sai shi. Ya ce in shiga in kwance abin da aka ɗaura. Na durƙusa na ce, "Baffa, ita ce fa ta sa motar take tashi." Ya ce motar ta tashi ne don aikin malam ya kama, yau kwana bakwai cif, kamar yadda aka faɗa. Ya ce mutumin da yake jin haushinsa tun rasuwar ƙaninsa ba zai zo ya yi masa alheri haka kawai ba. Sannan ya juya ya dubi wajen ɗakin Inna, ya ɗan jima yana kallo, ya ce, "Ko kai ma da bakinka a ciki?"

Ina da shekara ashirin da bakwai a lokacin, da matata da 'yata. Ba yaro ba ne ni. Na ɗauki sifana na shiga na kwance ta, na mayar da notinan na matse. Baffa ya ce in jefa ta a masai, na ce to, na cusa ta a aljihu, daga baya na sa ta a ƙasan akwatina. Da yamma aka kawo gwangwanin baƙin fenti aka shafe duk inda Kawu ya kankare.

Kik ya koma ƙas ɗinsa. Sai na koma tayar da ita da hannu, da wannan lanƙwasasshen ƙarfen da ake soka wa mota a hanci a juya. Na ce wa Baffa haka ya fi raya batir, ya ce madalla. Mako bakwai ina haka. In na shigo Gaya sai in tsaya can nesa da ceɗiya, in bar inji yana aiki. Sau ɗaya Kawu ya hango ni ya ɗaga murya, "Direba, ya amarya?" Na ce lafiya lau take, na ja motata.

Da kaka ne, rana tsaka, na ɗauko lodin gyaɗa daga Gafasa. A wani mashigin rafi da ya ƙafe yashi ya riƙe ni, mota ta mutu, hancinta ya tokari gaɓa, ba ta inda ƙarfen juyawa zai shiga. 'Yan dako suka sauko suna jira. Na murɗa makulli, kik ya ja da ƙyar. Na sake, na riƙe, na ƙara riƙewa, ina cewa a raina sau ɗaya dai. Sai na ji ƙauri kamar tsumma yana cin wuta. Wutar da ba ta sami igiyarta ba ta bi ta siririn bututun fetur, ya yi ja, ya tsage. Ban san lokacin da na dira ba. Na kai hannu in cire kan batir, wuta ta lashe mini hannun dama. Gyaɗa kuwa mai ce, ta ci har la'asar. Ba wanda ya mutu, wannan kaɗai nake gode wa Allah a kai.

Washegari zauren Baffa ya cika da 'yan jaje, har da mai unguwa. Ina zaune a gefe, hannuna naɗe da tsumma. Baffa ya bari sai da aka yi shiru, ya dube ni tsakar ido, ya ce, "Kai ne direba. Faɗa wa jama'a, wa ya taɓa wayoyin motar nan ƙarshe?"

Ya san amsa, na san amsa, kuma ya san na sani.

Na ce, "Kawu."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Sauran mutane suka ƙarasa da kansu.

Da la'asar ɗin ranar sai ga Kawu a kan keke. Labarin gobara ya same shi, abin da aka ce a zaure ma ya same shi, don na ga yadda mutanen ƙofar gida suka ɗauke kai da ya yi sallama. Bai shiga zauren ba, ya wuce ɗakin Inna ya ce a kira ni. Ya warware tsumman, ya ga an barbaɗa mini toka, ya ce wane jahilin ne ya yi wannan. Ya wanke da ruwan ɗumi, ya buɗe gwangwanin nan nasa ya shafa mini. Duk bayan kwana biyu yake tako keke daga Gaya, yana tilasta mini in dunƙule yatsu in buɗe ina hawaye, ya ce in na bari suka manne ba ni ba sitiyari. Wata guda yana haka. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ce masa komai ba. Da wannan hannun nake rubutun nan.

Magana a bakin direbobi ta fi mota gudu. Kafin wata ya zagayo, daga Gaya zuwa Wudil har Kano an san labarin. Wasu suka ce aiki ne bai iya ba, wasu suka ce asiri ya binne wa surukin ƙanwarsa a inji. Ko wanne mutum ya ɗauka, motarsa dai ba za ta je gindin ceɗiya ba. Na sha wucewa in gan shi zaune da jakarsa, mota tana ƙifta ido a gabansa, direbanta ya gwammace a tura ta zuwa Wudil. Da abin ya ishe shi sai ya sami ɗan tebur a kasuwa yana gyaran tocila da rediyo da fitilar keke. Ya daina zuwa suna da ɗaurin aure. Kaifin bakin nan ma ya tafi, sai ka yi hira da shi bai ce wa kowa ƙazami ba. Ni kuwa da hannuna ya warke, Baffa da kansa ya kai ni wurin wani attajiri a Kano ya yabe ni, aka ba ni sabuwar mota. Na karɓa, na gode wa Baffa, har na durƙusa.

Shekara shida ina kawo wa Kawu tsaraba duk sanda na dawo daga tafiya, goro, sukari, wani lokaci yadi. Yakan karɓa ya ce Allah ya yi albarka. Ina ƙin kaina duk sanda na miƙa masa.

Mako biyu kafin ya rasu na same shi kwance a zaurensa da rana, ƙafafunsa sun kumbura. Na tsuguna na gaishe shi. Na ce, "Kawu, akwai wata magana."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Igiyar, tana wurinka har yanzu?"

Na ce tana nan.

Ya ce, "Ranar da na zo wanke maka hannu, daga wurin motar nake. Na shiga ƙarƙashinta tana da sauran ɗumi. Jan ƙarfe ba ya zama toka, Direba, ko ya narke za ka ga gurbinsa. Na tarar da notina biyu a matse tam, ba komai a ƙarƙashinsu. Baffanka kuwa tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa riƙe sifana ba."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa a ce wa? Baffanka zai ce bai san zancen ba, ya bar ka da shi. Wa zai ƙara ba ka mota? Uwarka kuma a ina za ta kwana?" Ya mayar da numfashi. "Amma na zaci za ka zo ka gaya mini. Ni kaɗai, ko a nan zauren. Shekarar farko duk sanda na ji tsayuwar mota sai in ce kai ne."

Na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon azara. Ya ce, "Ina ƙoƙari. Ban kai ba tukuna. Tashi ka tafi, na gaji."

Na koma sau biyu. Na farko yana barci, na biyu baki ya riga ya rufe. Ban san ko ya kai ba, kuma ba wanda zan tambaya. Shi da aka zalunta ya kasa furta yafiya sai ta zama gaskiya a ransa, amma Baffa ya tsaya a kan gawarsa ya ɗaga hannu yana rabon yafiya kamar goron suna.

Ranar sadakar uku, bayan an raba gumba, kafin liman ya ɗaga hannu, na miƙe. Na ciro igiyar daga aljihu na ajiye ta a kan tabarma tsakanin liman da Baffa. Ta yi kore-kore, amma kitson yana nan yadda ya yi shi. Na ce wannan ita ce igiyar as da Kawu ya ɗaura, kuma da tana jikin motar da ba ta ƙone ba. Na ce Baffa ne ya ce a kwance, ni na kwance da hannuna, ni na murɗa makullin, ni na yi ƙarya a zaure. Na faɗa har ƙarshe.

Baffa ya sa bakin sandarsa ya juya igiyar sau ɗaya. Ya ce, "Yaron nan rashi ya taɓa shi. Ni ban san wannan ba."

Liman ya ce wanda ya tafi ya tafi, nan ba wurin tone-tone ba ne, addu'a mamaci yake buƙata. Aka ɗaga hannu, aka shafa, mutane suka tashi suna neman takalmansu. Ɗan Baffa ya ɗauki igiyar ya jinjina ta a tafinsa, ya ce jan ƙarfe ne mai kyau, ya ajiye. Wani tsohon direba ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yi ƙoƙari, ɗana. Kowa yana so ya wanke nasa. Allah ya ba ka ladan zumunci." Ƙaryata ta kalma ɗaya sun karɓe ta nan take ba su nemi shaida ba, gaskiyata kuma ga shaida a kan tabarma sun ɗauka kara nake yi wa kawuna.

Na ɗauki igiyar na shiga cikin gida. Matar Kawu tana ɗakin takaba, Inna tana zaune a bakin ƙofar. Sun ji komai, zauren ba nisa. Matar Kawu ta ce daga bayan labule, "Mun ji. Da ka faɗa yana da kunnen ji."

Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan farinta, ko kallona sosai ba ta cika yi ba. Ranar ta dube ni.

"Kai wannan, me ya hana ka faɗa tun a lokacin?"

Na ce, "Saboda ke, Inna. Saboda ɗakinki a gidan Baffa. Shi ma Kawu abin da ya sa ya yi shiru ke nan, da bakinsa ya gaya mini."

"Ɗakin da yake yoyo?" ta ce. "Shekara shida ina kallon Yaya yana gyaran tocila, ina jin kunyar mutane, ina cewa a raina ko dai ya yi ɗin. Ni ma na zarge shi. Ya mutu ina zarginsa." Ta miƙo hannu ta karɓi igiyar ta ɗora a cinyarta. "Ku biyu kuka zauna kuka yanke saboda ni. Wa ya tambaye ni a cikinku?"

Ba ta koma Ajingi ba. Ta aika aka kwaso mata kwanukanta da tabarmarta, tana nan Gaya tare da matar Kawu. Igiyar tana wurinta, ban nema ba. In na je gaishe ta takan ce lafiya, ta ci gaba da abin da take yi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka masa inda yake kwance, ya mayar masa da sunansa a wurin da ba a jin ta bakin direbobi. Jiya na bi ta tasha, na ji wani yana kwatanta wa fasinja hanya, yana cewa ya miƙe har ya wuce gidan Ƙona-mota. Na tsayar da motata na sauko na ce masa ba sunan mai gidan ba ne wannan, nawa ne. Ya dube ni, ya yi dariya, ya ci gaba da kwatancensa.